Dawar da Inna Ta Ba Mutanen Tsibiri

Malumfashi, watan Mayu

Baban Zaituna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da sauran tawagar ekklisiya. Yaya gajiyar gini? Mu nan lafiya lau, sai kewarka.

Hotunan da ka turo na tsibirin da guguwar teku ta rushe, Fasto Ɗanladi ya nuna su a majami'a ran Lahadi: kwalekwale a kan rufin makaranta, kai kuma a gefe da guduma, kamar kai kaɗai za ka tayar da garin. Mata sun sha kuka. Da aka nemi baikon taimako, mutanenmu suka yi abin da suka saba in gobara ta ci rumbun wani, suka yi ta kawo hatsi. Ofishin Fasto ya cika da buhuna, ba wanda ya tambayi motar da za ta ƙetare teku da su.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Inna, mahaifiyarka. Ta sauke zangarniyar dawar da take ratayewa a saman murhu, irin shukarta kakaf, ta kai. Wai wanda ruwa ya cinye wa gona iri yake nema. Na ce mata mutanen can masunta ne. Ta ce ai shi ya sa suke shan wahala.

Ka kula da kanka a kan tsani.

Matarka,
Lauratu

Malumfashi, watan Yuni

Baban Zaituna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, na ji an ƙara muku wa'adi. Madalla. Zaituna ta fara ce wa hotonka Baba, kuma ya fi ka zaman gida.

Ruwa ya sauka, kowa ya yi shuka, ban da Inna. Fasto ya sayar da hatsin a kasuwar Bakori ya aika muku da kuɗin, amma na roƙe shi ya bar na Inna. Na mayar mata, ta ƙi ko kallonsa: wai abin da aka ajiye gaban bagadin majami'a ba ya komawa gida. Na sayo mata irin zamani a Funtua, ta watsa wa kaji. Kullum sai na bi ta gonarta in dawo, ban san me nake dubawa ba. Ciyawa ce kawai ke murna. In lokacin shuka ya wuce, baɗi rumbunta fayau, kuma ka san ba za ta ci daga namu ba, ko za ta kwana da yunwa.

Taka,
Lauratu

Malumfashi, ƙarshen Yuni

Baban Zaituna,

Ina gaishe ka, ina fatan tarin nan da ka ce yana damunka ya sake ka.

Na je wa Inna a matsayin 'yar aike. Na ce mutanen tsibiri sun gode, amma ruwan gishiri ya kashe ƙasarsu, suna roƙon aron gonarta a shuka musu dawar da ta ba su, ita ta riƙe rabon mai gona kamar yadda aka saba. Ta tambaye ni me ya sa ba su faɗa tun da wuri ba. Zumuntar matan majami'a ta yi gayya, muka shuke ta tas. Rabonsu in an girbe, Fasto zai sayar ya aika.

Saura kai. Don Allah ka nemi masunci ko ɗaya ka faɗa masa yana da gona a Malumfashi, ya amsa da bakinsa, kada in ci gaba da shiga majami'a da ƙarya a wuyana.

Dawa ta tsiro. Inna na wuni tana korar awaki da zafin da ba ta taɓa yi wa tata gonar ba. Ta ce a gaya wa masu gona noman farko ya yi. In ba za su zo ba, su turo mata ɗanta.

Wannan saƙon nata ne. Ni dai na sa hannu.

Mai jiranka,
Lauratu