Na Juye Miyar Gwaggo a Kwandon Shara

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, raina a ɓace yake.

Ni ma'aikaciyar asibiti ce, aikina tsara wa marasa lafiya abin da za su ci da wanda za su bari. Shekara biyar na yi ina karatunsa, na ƙara shekarar sanin makamar aiki, na ci jarrabawa aka yi mini rajista. Amma a danginmu har yau 'yar kicin ɗin asibiti ake ce mini. Ranar da na karɓo lasisi, kawuna tambayata ya yi ko yanzu zan fara karɓar girkin biki. Na shanye.

Sati biyu ke nan da aka kwantar da Baba a ɗakin da nake aiki. Ƙodarsa ta taɓu, ƙafafu sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Da hannuna na rubuta takarda na manna a kan gadonsa: ba gishiri, ruwa ma sai a kofin awo. Kumburi ya fara sacewa. Sai ga shi kwana uku a jere nauyinsa yana hawa, numfashi yana yi masa wuya. Na titsiye masu rabon abinci, har na yi wa wata baiwar Allah faɗan da ba ta ji ba ta gani ba. Ashe Gwaggo ce, yayar Baba. Kullum lokacin dubiya take shigowa da kula a ƙarƙashin mayafi, ta ja labule, ta yi ta ɗura masa miyar nama, ta bi da lemon kwalba. Wai abincinmu salam ne, da yunwa za mu kashe mata ƙane.

Na kama ta da cokali a hannu. Anti, idona ya rufe. Na fizge kular na juye a kwandon shara a gaban 'yan dubiya.

Yanzu dangi sun yi mini ca, wai boko ya lalata ni, Umma ta ce in je in durƙusa. Gwaggo ta rantse ba za ta ƙara taka asibitin ba. Baba kuma ya juya wa bango fuska, tun jiya ko loma bai kai baki ba. Da likita ne ya hana, wa zai ce uffan? Ni da na yi aikina, ni ce zan ba da haƙuri?

Wadda dangi suka raina

Ƙanwata, a kan gishirin ke ce da gaskiya, ba zan rage miki komai ba. Abin da Gwaggo ta yi yana iya kai mutum kabari, ko da ƙauna aka yi shi. Rainin da ake wa aikinki ma ya ƙona mini rai.

Amma kwandon shara? Tsohuwa ta yi cefane, ta tsaya kan wuta saboda girki ne kaɗai abin da ta iya yi wa ƙanenta, ki tozarta ta gaban jama'a? Ina jin ba miyar kaɗai ce ta tunzura ki ba, har da haushin shekaru da kika daɗe kina haɗiyewa.

Ki je ki ba ta haƙuri a kan zubarwar, ban da dokar. Ki miƙa takardun Baba ga abokin aikinki, domin a idon dangi 'ya kike, ba ma'aikaciya ba. A tara su, ku yi musu bayani ke da likita. Sannan ki shiga kicin da Gwaggo, ki auna, ita ta dafa, ta kawo kular a fili.

Yau za ki je, ba gobe ba. Kin fi ni sanin abin da yunwa ke yi wa mai ciwon ƙoda, kuma ga dukkan alama Baba ba zai buɗe baki ba sai ya ga cokalin a hannun yayarsa. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya zukatanku.