Tallar Maganin da Ta Jinkirta Mini Tiyatar Baya

Zuwa ga Manajan gidan rediyon da nake saurare kowace safiya,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da ma'aikatanka.

Ni kafinta ne a Rafin Guza, shekarata ashirin da takwas. Kukana a kan filin da kuke ba wani mai maganin gargajiya ne, bayan labaran safe.

Na farko, ciwon baya ya kama ni garin ɗaga katako, har ya sauko ƙafar hagu. Likita ya duba hoto, ya ce guringuntsi ne ya zame tsakanin ƙasusuwan baya ya danne jijiya. Aka gwada magani da gashin ƙashi, ba sauƙi, ya ce sai tiyata. Ana cikin haka mutumin nan ya rantse a tasharku cewa duk matashin da aka yi wa aiki a baya ya gama tafiya, ya gama haihuwa, wai sanyi ne kawai. Mahaifiyata ta ji da kunnenta, ta yi kuka, ta ce ba da yawunta ba. Ba shi ta gaskata ba, ku ta gaskata.

Na biyu, wata bakwai ina shan jiƙonsa. Ƙafar ta mutu, har takalmi ya riƙa zamewa ban sani ba. Ranar da fitsari ya kufce mini a shago gaban abokan aiki, mahaifiyata da kanta ta tare keke ta kai ni asibiti. Aka yi aikin. Yau ina kan sana'ata, ina salla a tsaye, bana kuma muka yi sunan 'yata. Sai dai babban yatsan ƙafar har yanzu ba ya ji. Likita ya ce jinkirin ne ya jawo.

Na uku, ban ce tiyata ba ta da haɗari ba. Likita ya zayyana mini komai kafin in sa hannu. Mutuminku kuwa bai taɓa ganin bayana ba. Yanzu haka maƙwabcina, tela, yana kwance ya ƙi aikin saboda wannan fili.

Roƙona, ku hana shi tsorata marasa lafiya da asibiti. Ku gayyato likitan ƙashi ya amsa tambayoyin matasa kai tsaye. In kuna neman shaida, da ƙafata zan hawo matakalar ofishinku.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da iyalinka daga ciwon da zai sa ku rasa wanda za ku gaskata.

Wassalam.

Mai sauraronku,
Kafinta daga Rafin Guza, Kaduna