Malamar Asibitinmu Za Ta Tafi

Assalamu alaikum, Yaya Sani. Ya Fatakwal, ya aiki, ya iyali? Allah ya sa kowa lafiya.

Yaya, malamar asibitin ƙauyenmu za ta tafi ranar Asabar. Albashinta ba ya riƙe ta, damin geron da kowane gida ke ba ta da kaka ne ya zaunar da ita. Bana ruwa ya cinye gonaki. Har durƙusa mata na yi, ta ce, "Bala, 'ya'yana me za su ci?"

Mai ɗakina cikinta wata tara. Haihuwar baya, wannan malamar ce ta tsayar da jinin. Da Wudil muka nufa, da gawa za mu kai.

Don girman Allah ka aiko da kuɗin buhu biyu. Ka gaida yara, a sa mu a addu'a. Asabar jibi ce.

Ƙaninka, Bala