Abokansa Sun Daina Ɗaga Masa Lema, Ya Ce Ni Zan Riƙa Yi

Anti Barira, don girman Allah ki taimake ni kafin Juma'a, ba ni da wanda zan kai wa wannan magana a garin nan.

Muna zaune a Al Ras cikin Dubai, ni da maigidana da 'yarmu Nafissa. Aikin kargo yake yi, yana tura wa 'yan kasuwar Kano kaya. Bai rage ni da komai ba, sai dai taurin kai. Bara abokinsa Souleymane, ɗan Nijar, ya koya masa wasan bakin tekun nan da suke ce wa kait. Wata ƙatuwar lema ce mai dogayen igiyoyi, mutum ya ɗaura a ƙugu, ya taka allo, iska ta ja shi a kan ruwa. Ɗan Fagge da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na Tiga ba! Da farko dariya na riƙa yi masa.

Al'adarsu mutum biyu ke tayar da lemar. Ɗaya ya riƙe, mai wasan ya ɗaga babban yatsa, sannan a saki. In zai fito sai ya dafa kansa, na kusa ya rugo ya cafe masa lemar. Balarabe, Bature, Ba'indiye, ba mai tambayar garin wani. Wanda ya faɗi nesa kuma sai a bi shi.

Watan jiya Abban Nafissa ya yi tsalle a wurin masu wanka, igiyarsa ta shari wani dattijo a kafaɗa har jini. 'Yan wasan suka taru a kansa, wai irin wannan ne zai sa a hana su wurin gaba ɗaya, don haka ya ba da haƙuri ya koma gefen 'yan koyo. Ya ƙi. Ya ce iska ce ta juya, kuma wani Bature ya taɓa yin wanda ya fi haka ba wanda ya tanka, shi don baƙar fata ne. Suka ce to halas, magana ta ƙare, ba mai sake ɗaga masa lema. Souleymane ma kai ya sunkuyar.

Yanzu can gaba da Jebel Ali yake kai mu, inda ba kowa, ni ce mai riƙewa. Juma'ar da ta wuce iskar daga tudu take tana tura mutum cikin teku. Kafin ya ɗaga yatsa igiya ta kama mayafina, na firgita na saki. Lemar ta ja shi a kan yashi, ta shiga da shi ruwa, ina kallo yana ƙanƙancewa har na daina ganinsa. Anti, ban iya iyo ba, ban iya tuƙi ba, Nafissa na ta ihu a mota. Sai dab da magariba ya ɓullo a ƙafa, gwiwoyi duk sun saluɓe, wai har da dariyarsa.

Ya ce Juma'ar nan iska mai ƙarfi na tafe. In na ƙi, zai danne lemar da yashi ya tayar shi kaɗai. Ya kuma ce bai yafe ba in na faɗa wa Souleymane inda muke zuwa. In na riƙe ina tsoron da hannuna zan saki ajalinsa. In na ƙi, ba ma wanda zai ga inda ya yi. In na faɗa, na tona masa asiri wurin waɗanda suka wulaƙanta shi. Ya zan yi?

Matar Mai Lema, Dubai

AMSA

Ƙanwata, sannu da wannan tashin hankali. Ni ko tafkin unguwarmu ban taɓa shiga ba, amma ba sai na san kait zan gane abin da ke faruwa ba.

Kada ki sake riƙe lemar nan. Ke kina ganin kina tsaronsa ne, alhali tsayuwarki a wurin ba ta ƙara masa komai, tunda in ruwa ya tafi da shi ba ki da abin yi sai kuka. Hasali ma ke ce ke ba shi ƙwarin gwiwar zuwa. Kuma igiyar da ta kama mayafi za ta iya kama wuya. Nafissa kuwa, kada ta sake taka wurin.

Ban ce maigidanki ba shi da hujja ba. Mai yiwuwa an yi masa abin da ba a yi wa Baturen ba, mu da muke da 'yan'uwa a ƙetare mun san wannan ciwo. Su ma da suka kore shi ya kamata su tambayi kansu ina zai nufa. Amma jinin dattijon nan fa igiyarsa ce ta fitar. Ya fara sauke wannan haƙƙin, sannan ya yi ƙorafinsa, za a fi jinsa.

Maganar bai yafe ba kada ta ɗaure ki, biyayyar aure ba ta kai ki rufa wa halaka asiri ba. Sai dai kada ki yi a ɓoye. Yau ɗin nan, bayan ya ci abinci ya huta, ki zauna ba faɗa ba gori, ki faɗa masa abin da kika ji lokacin da ya ɓace miki. Ki ce ba za ki riƙe ba, kuma za ki kira Souleymane, in ya fi so ya kira da kansa ga waya nan. Namiji irin naki sau da yawa yana son komawa, hanyar da ba za ta zubar masa da girma ba yake nema. Souleymane ne ya koya masa, shi zai raka shi wurin dattijon da sauran jama'a. Ki tabbata shi ma abin na cinsa.

In ya kafe sai ya tafi shi kaɗai, ki sanar da Souleymane wurin tun kafin ya tayar da mota. Zai yi fushi, ƙila ya yi sati bai ci tuwonki ba. Ki jure. Mai fushi a falo ana lallashinsa, wanda ke ƙarƙashin teku kuwa sai addu'a.

Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya tsare miki shi, Ya raya Nafissa a gaban ubanta.

Anti Barira