Mai Allurar Awakin Inna

Litinin, 1 ga Yuli, 2024
Yau mai allurar dabbobi ya zo daga Kankara, saboda jar akuyar Inna ta kwana biyu ba ta ci. Sunanshi Malam Sha'ibu. Harara-garke ne: idon dama na kanka, na hagu yana can wajen katanga. Da ya tambayi shekarun akuyar, ni da ƙanwata Hussaina muka amsa tare, don ba mu san wadda yake kallo ba.

Laraba, 3 ga Yuli
Ina aji ina koyar da lissafi, sai tunani ya zo mani: shin Malam Sha'ibu abu biyu yake gani lokaci guda?

Lahadi, 7 ga Yuli
Abin kunya. Hussaina ta tsaya tsakar gida tana karkata ido tana kwaikwayonshi, ni kuma ina dariya har da riƙe ciki. Ashe yana zaure, ya dawo yin allura ta biyu. Ya yi sallama, ya durƙusa ya gaida Inna, ya yi aikinshi. Sannan ya tafi. Na so ƙasa ta tsage.

Juma'a, 12 ga Yuli
Akuyar ta fara naƙuda tun hantsi, ɗan ya zo a gicciye. Inna ta sa aka kira shi. Ya iso a jiƙe, babur duk laka. Ni na riƙe mashi kan akuyar, don haka na ganshi kusa. Idan ya dage da aiki, idon hagun sai ya ƙara zamewa gefe, kamar ya ba ɗayan wuri. Gashin idonshi dogaye. Ban lura ba da farko.

Uwa da ɗa duk sun rayu.

Da nake zuba mashi ruwan wanke hannu na ba shi haƙuri kan ranar Lahadi. Ya yi murmushi ya ce tun yana firamare a Faskari ake yi mashi, ya saba. Sai bakina ya kuɓuce na tambaye shi abin da ke cina.

"Abu ɗaya nake gani, Malama Mansura," in ji shi. "Yanzu ke ce."

Da wane ido? Ban iya tambaya ba.

Asabar, 20 ga Yuli
Ƙawata Asma'u ta nuna mani hoton wanda za ta aura. Kyakkyawa, komai daidai. Na kalla na kalla, ban sami inda idona zai tsaya ba.

Talata, 30 ga Yuli
Hussaina ta sake yin kwaikwayon da safe. Na ce ta bari, ba kyau. Ta tsaya tana dubana har na kau da kai.

Da la'asar na ce wa Inna kamar ɗan akuyar yana ɗingishi, ko a kira Malam Sha'ibu. Inna ta leƙa garke. Ɗan akuyar yana ta tsalle bisa turmi.

Ta ce, "To, a kira shi."

Na goge shuɗin mayafina. Dama ya yamutse ne.