Ɗakin Gilashin Inna

Yamai, Afrilu 1985

Ƙanwata Asma'u,

Gaisuwa mai yawa. Ya kuke da farin nan a Tahoua? Ni dai kaina ya ɗaure. Kin san don yunwa na ɗauko Inna. Gidan da gwamnati ta ba ni a unguwar Filato tsoho ne, na zamanin Nasara, bango mai kauri, ɗakuna duhu. Sai na cire tagogin katako na barandar yamma, na sa gilashi, na yi mata ɗaki mai haske. Amma kullum ramewa take, ba ta cin abinci. Lokotoro a asibiti ya ce jikinta ba ruwa, alhali ga randa a gabanta! Jiya na tarar da tabarmarta a ɗakin ajiya. So take a ce na ajiye uwata cikin buhuna? Na tambaye ta, ta kau da kai.

Yayanki, Hamisu

Tahoua, Mayu

Yaya,

Bayan gaisuwa, Inna ta iso cikin motar Illo direba. Ashe ba ta ma yi maka sallama ba. Kai ma da neman magana! Yaushe ta taɓa kallon idonka, kai ɗan fari, balle ta kushe abin da ka yi mata? Ni auta ta faɗa wa. Ta ce da la'asar rana na shiga gilashin nan ba ta fita, bango ya riƙe zafin har asuba. Da ta buɗe taga, mazan hanya na ganinta, sai ta rufe ta zauna ciki. Ka taɓa shiga ɗakin da la'asar? Nan kuwa gero ya ƙare, Yaya. Ina jin tsoro.

Asma'u

Yamai, Mayu

Asma'u,

Ina gaishe ku. Ban taɓa ba. La'asar kullum ina biro wurin aiki, kin san sojan da ke mulki ba sa wasa da makara. Ni da safe nake leƙa ta, ɗakin lafiya lau. Ran Lahadi na shiga na rufe ƙofa, ko sallar la'asar ban iya idarwa ba. Kuka na yi. Na cire gilashin, katako ya koma. Ki roƙar mini ita.

Hamisu

Tahoua, Yuni

Yaya,

Na karanta mata. Ta ce, "Ki ce wa wancan ya bar ɗakin da duhunsa." Tana ɗaure kayanta. Ka turo Illo.

Asma'u