An Ba Ƙanwata Kujerar Baba, Ni Kuwa Na Ji Sanyi

Gwaggo Poh Choo, ki taimake ni, don maganar nan ba wanda zan iya gaya wa a gidanmu.

Sana'armu suyar kofi ce a nan Penang, tun zamanin kakanmu. Ni ne babban ɗa, tun ina ƙarami ake ce mini mai gidan gobe. Ƙanwata Siew Gaik kuwa ɗan Thailand ta aura, ta buɗe mana reshe a Hat Yai, wani gari a ƙasar mijinta. Can mace ta riƙe kasuwa ba wani abu ba ne. Tare take cin abinci da ma'aikatanta, bikinsu da makokinsu duk da ita. Bara Baffa Beng Huat, ƙanin Baba, ya je duba reshen, ya daka wa wani ma'aikaci tsawa a gaban mutane yadda aka saba a nan. Mutumin ya yi murmushi kawai, washegari bai dawo ba, shi da 'yan uwansa. Ita ta bi su har gida ta ba su haƙuri.

A liyafar jajibirin sabuwar shekara Baba ya ce ita za ta gaje shi, nan da can. Gwaggo, ni wani sanyi na ji ya sauka a ƙirjina. Ni dai a bar ni gaban kaskon suya, daga ƙanshi na san ya yi. Taro da ciniki ba su taɓa yi mini daɗi ba. Har ƙarin shinkafa na yi.

To, Baffa ya tasa ni a gaba, wai an tozarta ni, wai gumin kakanmu zai koma gidan da ba sunanmu ba. Matata ma kunyar shiga dangi take ji. Ni ne ba ni da zuciya?

Babban Ɗa, Penang

Ɗana,

Da zuciyarka, kuma gaskiya ta gaya maka. Mahaifinka ya san 'ya'yansa, ya kuma san kamfanin da ke cin kasuwar ƙasa biyu sai wanda ya iya zama da mutanen kowacce.

Amma kada ka raina tsoron Baffanka. Ba kujera yake yi wa kuka ba, sunan gida ne. Ku zauna da ƙanwarka ku amince cewa sunan kakanku ba zai sauka daga kan buhu ba, kuma kunna turaren girmama kakanni yana nan a hannunka, don wannan na babban ɗa ne. Ita ma ka ja mata kunne: a Penang a fara gaida manya kafin a yanke magana.

Sannan ka daina shiru, shirunka ne ke sa a ɗauka ƙwace aka yi maka. A taron dangi na gaba ka zuba wa Baffa shayi da hannu biyu, ka faɗa da bakinka cewa kai ma ita ka zaɓa. Matarka kuwa, ka gaya mata abin da ka gaya mini. Kare ka take yi, ba ta san ba ka ji ciwo ba.

Ina yi muku fatan shekara mai albarka, nan da can.

Gwaggo Poh Choo